Teku da Dusar Ƙanƙara da Hannun Hagu: Yadda Na Koma Zane Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Ina tsakiyar ƙarfina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ni. Jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwata, shi ya sa ɓarin dama ya tafi, da hannu da ƙafa har da harshe. Hawan jini ne sila, ya daɗe yana aikinsa a ɓoye. Allah Ya sa iyalina sun gane alamun da wuri, wato karkacewar baki, sakin hannu da sarƙewar magana, suka garzaya da ni asibiti. Wannan gaggawar ce ta taimake ni, domin maganin da ke narkar da daskararren jini galibi cikin awa huɗu da rabi daga fara alamu ake bayar da shi. Na rayu. Ƙafa ta dawo har ina takawa da sanda, magana ma ta dawo sannu a hankali. Hannun dama dai bai koma yadda yake ba, kuma likitoci ba su ɓoye mini ba.

Da wannan hannun nake zane tun ina yaro. Ban yi makarantar zane ba, ba kuma sana'ata ba ce, abin sha'awa ne da nake yi bayan an tashi daga aiki. Da fensir na fara, da na girma na koma fenti, kuma abu biyu ne suka riƙe zuciyata: teku, da kuma gari a tsakiyar hunturu lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe gidaje, fitilu na ci a tagogi tun da yamma. Inda nake zaune akwai duka biyun, ban taɓa rasa abin kallo ba.

Zaman gida bayan sallama ya fi mini zaman asibiti nauyi. A asibiti kullum akwai abin da ake jira. A gida kuwa sai ni da hannun da ke kwance a cinyata, da kunyar a ɓalla mini maɓallin riga. Na sa aka tattara kayan zane aka ɗaga su sama inda ba zan gan su ba. Ko hanyar bakin teku ba na so a bi da ni, don kallonsa yana tuna mini abin da ba zan iya yi ba. Barci ya lalace, magana da mutane ta zama aiki. Likita ce ta kira abin da sunansa, ciwon damuwa, ta kuma gaya mini cewa kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi irin ciwona suna faɗawa cikinsa. Jin haka ya sauke mini wani nauyi, domin a da ina ɗauka raunin zuciya ne nawa ni kaɗai. Na karɓi magani. Duk wanda yake cikin wannan hali, ina roƙonsa ya faɗa wa likitansa a fili, domin burushi ba ya maye gurbin magani.

'Yata ce ta fara taɓo maganar. Ta ce, "Baba, hannun hagun nan fa naka ne shi ma." Mai koya mini amfani da jiki a asibiti ta goyi bayanta. Na daɗe ina juya abin a raina kafin na yarda, kuma sai da na gindaya wa kaina sharaɗi biyu. Na farko, ba zan ajiye sabon aiki kusa da tsoho in gwada su ba. Na biyu, zan daina tambayar abin da hannun dama zai yi da yana nan, in tsara komai bisa hannun da nake da shi yau. Abin da ya biyo baya shi ne abin da na koya a kan wannan tsari, kuma yawancinsa zai amfani mai hannu biyu ma.

Matsalar farko ta riƙo ce. Ɗaya hannun shi ke danne takarda, shi ke riƙe bututun fenti ana murɗa murfi, shi ke goge burushi, kuma sai an samar wa duk wannan madadi kafin a taɓa launi. Allon zane a ɗora shi a kan shimfiɗar roba mai hana zamewa, ko a matse shi a gefen tebur, a ɗan tada bayansa kamar digiri 20 zuwa 30 don kada wuya ya gaji. A nemi fenti mai murfin ɓallewa, ko a sa wani ya juye shi cikin ƙananan kwalabe masu faɗin baki. Kofin ruwa biyu, masu nauyi da faɗin gindi: ɗaya na wanke burushi, ɗaya mai tsabta na sirka fenti. Tsumma a ɗaure shi a jikin tebur. Ƙotar burushi siririya ce, hannun da bai saba ba yana matse ta har yatsu su ƙage, don haka a naɗa mata soso ta yi kauri. Rawar hannu kuma maganinta gada: katako mai faɗin santimita 5 da aka yi wa gajerun ƙafafu a ƙarshensa biyu, a gitta shi bisa allon, a ɗora tsintsiyar hannu a kai, yatsu kaɗai ke motsi. A fara da ƙaramin allo, santimita 20 da 25. Babban allo yana cinye ƙarfin mara lafiya tun kafin ya ga sakamako.

Fentin mai na sani a da, amma na koma akirilik. Ruwa kawai yake buƙata, babu warin sinadarin wanke burushi a ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda sanyi, kuma idan layi ya karkace, cikin minti 15 zuwa 20 ya bushe a rufe shi da wani. Sai dai wannan saurin bushewar shi ne kuma matsalarsa ga hannu mai nawa. Ana magance shi da jiƙaƙƙen faranti: roba mara zurfi mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen soso siriri a ƙasa, a ɗora takardar nan mai santsi da ba ta yagewa a ruwa, a matsa fenti a kanta. Haɗin launi yakan kwana biyu ko uku bai bushe ba. Akwai kuma ruwan jinkirta bushewa, amma kada ya wuce kashi 15 cikin 100 na fentin, in ba haka ba zanen zai yi ta danƙo. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, saboda ƙaron da ke cikinsa fari-fari ne yana jiƙe, yana bushewa ya zama garau, don haka a riƙa haɗa launi ya ɗan fi abin da ake so haske. Ba ya kuma son sanyi: idan ɗaki ya yi ƙasa da digiri 10, fatar fentin ba ta haɗuwa sosai, daga baya ta tsattsage. Fitila ita ma tana yaudara. Ƙwai mai rawayan haske yana sa mutum ya cika shuɗi bai sani ba, gara mai hasken rana, wanda aka rubuta 5000K a kwalinsa.

Launi shida sun ishe ni. Sunayen da kamfanoni ke sa wa fenti sun bambanta, amma lambar da ke bayan bututu ba ta canzawa, ita nake dubawa: fari PW6, shuɗi mai karkata ga ja PB29, shuɗi mai karkata ga kore PB15, ruwan ƙasa mai ja PBr7, rawayan ƙasa PY42, da rawaya mai haske PY74. Shuɗin PB29 a da daga wani dutse mai tsada na Afganistan ake niƙo shi, sai a 1828 aka karrama wanda ya gano hanyar haɗa shi a Faransa. PB15 kuwa a 1935 ya shigo kasuwa, kuma ƙarfinsa ya wuce misali: ɗigo ɗaya yana rine tulin fari, shi ya sa da tsinin burushi ake taɓa shi. Baƙi ba na saya. PB29 da PBr7 daidai wa daida suna ba da duhu mai rai, a ƙara fari su ba da ruwan toka iri-iri.

Na koma bakin teku a kan kujera, ba tare da kayan zane ba. Zuciyata ta yi nauyi a karon farko, amma na lura da wani abu: rashin iya zanawa nan take ya tilasta mini kallo. Wani shahararren mai zanen teku, Ivan Aivazovsky, wanda aka haifa a garin Feodosiya na bakin teku a 1817 ya rasu a 1900, ya bar zane kusan 6,000, kuma yawancinsu a ɗaki ya yi su, daga abin da ya haddace da ido. Sanin haka ya ƙarfafa ni. Dabarar ita ce a zaɓi abu ɗaya tak a kowane zama, misali inda igiyar ruwa ke lanƙwasa, a ƙyale sauran.

Zanen teku daga layin da sama ta haɗu da ruwa yake farawa. Wannan layin kullum yana daidai da tsayin idon mai kallo, kuma ga wanda ke tsaye a bakin ruwa nisansa bai wuce kilomita 5 ba. Idan ya karkace ko da kaɗan, duk wanda ya kalli zanen zai ji ruwan na tsiyaya gefe ɗaya. A auna daga saman allo a gefe biyu, a manna tef ɗin takarda, a danne bakinsa sosai don kada fenti ya kutsa ƙarƙashi, a cire shi tun fentin bai gama bushewa ba. Kada layin ya raba allo biyu daidai. A zaɓi wanda zai ci kashi biyu cikin uku, sama ko ruwa. Bayan an cire tef, a bi layin da burushi mai ɗan laima a tausasa shi, domin a zahiri tururi yana ɗan dushe shi.

Sama ake fara yi, don ita ke ba ruwa launinsa. Tana da duhu can sama, tana ƙara haske da ɗumi tana gangarowa, saboda haka a ƙara fari da ɗan PY42 kusa da layin. Ruwan da ke nesa fuskarsa ake gani a kwance, yana mayar da launin sama. Wanda ke kusa kuwa cikinsa ido ke shiga, shi ya sa yake yin kore, ko ruwan ƙasa idan yashi ya tashi. Mafi yawan zanen teku na masu koyo a nan yake lalacewa: shuɗi ɗaya daga sama har ƙasa, sai ya zama bango. Ni nakan haɗa kashi uku tun kafin in fara. Na nesa: PB29 kashi biyu, fari kashi biyu, ɗan PBr7. Na tsakiya: PB29 da PB15 da fari kaɗan. Na kusa: PB15 da PY42 da fari. Jan burushi ya zama a kwance, gajere kuma a matse can nesa, dogo da tazara a kusa.

Igiyar ruwa tana fashewa ne idan zurfin ruwa ya ragu ya kai kusan tsayinta ɗaya da sulusi. Ƙasanta na jan baya, samanta ya wuce gaba ya rufto. Wanda ya fahimci wannan ba zai zana ta kamar tudu ba. Sassa huɗu gare ta, kuma a jere ake yin su. Gindi, inda ruwa ya fi kauri, shi ne mafi duhu. Sama da shi akwai wurin da ruwa ya yi siriri haske na ratsa shi, wannan kore ne mai haske, PY74 da ɗigon PB15 da fari kaɗan, a shafa shi siriri a narkar da shi cikin duhun gindi tun suna jiƙe. Sai inuwar kumfa, ruwan toka mai shuɗi, a sa ta da faɗi. Farin kumfa shi ne na ƙarshe, a kan gefen da rana ke bugawa kaɗai, kuma bai kamata ya rufe fiye da sulusin inuwar ba. Idan aka fara da fari, babu sauran haske da za a ɗora, kumfar sai ta fito kamar auduga da aka manna. A nan hannun hagu ya yi mini rana. Rawarsa, wadda ke ɓata miƙaƙƙen layi, tana ba kumfa rashin tsarin da take buƙata. Ranar da na gane haka na yi kuka, domin karon farko ke nan da nakasata ta ƙara wa aiki wani abu.

Kumfar da ke shimfiɗe a kan ruwa ramuka gare ta, kuma ramukan suna ƙara kwanciya suna sirancewa da nisa. Jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshe duhu, yana kuma mayar da launin sama: a ja burushi daga sama zuwa ƙasa, sannan a gitta shi sau ɗaya a hankali. Ƙarƙashin bakin kumfar da ta hau yashi a sa siririn layin inuwa, shi ke ɗaga ta daga ƙasa.

Hunturun farko bayan ciwon ya tsorata ni, ga gajerun ranaku, ga santsin ƙanƙara da ya hana ni fita. Zanen bukukuwa ne ya ba ni dalilin tashi da safe. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, ma'ana launin duk abin da ke kewaye da ita take ɗauka. Inuwarta shuɗi ce a ranar da sama ta washe, domin hasken sama kaɗai ke isa wurin. Mai zanen Faransa Claude Monet ya nuna wannan a wani zanen hunturu da ya yi tsakanin 1868 da 1869, mai tsuntsu ɗaya a kan ƙofar shinge, inda ya yi inuwa da shuɗi maimakon baƙi. Alƙalan baje kolin Paris na 1869 sun ƙi karɓarsa, yau kuma yana rataye a gidan tarihi na Orsay.

Kada a zana dusar ƙanƙara a kan farin allo. A fara shafe allon duka da ruwan toka matsakaici, a bari ya bushe, ta haka ido zai iya auna haske. Inuwa: fari kashi huɗu, PB29 kashi ɗaya, ɗan PBr7 don kashe kaifin shuɗin. Wurin da haske ya buga: fari da ɗigon PY42. Tsantsar fari a ajiye shi don wurare uku ko huɗu, bakin rufi da saman shinge. Hanya mafi sauƙi ta gane ko an daidaita ita ce a ɗauki hoton zanen da waya a mayar da shi baƙi da fari. Idan rufi da sama suka haɗe suka zama abu ɗaya, sai a ƙara wa sama duhu.

Tagar da fitila ke ci a cikinta ita ce zuciyar irin wannan zane. Rawaya ba ya rufe duhu, idan aka ɗora shi kai tsaye a kan bango mai shuɗi sai ya koma kore mai datti. A fara cike tagar da fari, ya bushe, sannan a ɗora PY74 siriri, gefuna a ɗan taɓa su da PBr7. Hasken taga ba ya fitowa da ƙara rawaya, sai da ƙara duhun bangon da ke kewaye da ita. Daga nan a goge burushi har ya kusa bushewa, a shafa ɗumin hasken a kan dusar da ke ƙarƙashin tagar, yana dushewa yana nisa. Bishiyar da ba ta kaɗe ganye a fara ta da duhu, PB29 da PY42, rassa na faɗaɗa zuwa ƙasa, ta bushe sarai kafin a ɗora dusar a saman kowane reshe, inuwa tukuna sannan haske. Fitilun ado ma haka: ɗigon fari, sannan launi a kai.

Dusar da ke sauka ita ce aikin ƙarshe, kuma ita ce mai iya ɓata komai cikin daƙiƙa ɗaya. A sirka fari da ruwa ya yi kaurin tawada, a tsoma tsohon burushin haƙori, a ja babban yatsa a kan gashinsa. Idan ruwa ya yi yawa manyan ɗigo ne za su faɗo su tsiyaya, idan ya yi kauri zare-zare zai fito. A gwada a kan baƙar takarda tukuna, a kwantar da allon, a rufe tagogi da guntun takarda, a tsaya da zarar an fara jin daɗin abin. Manyan ɗigo kaɗan na gaba a sa su ɗaya-ɗaya da tsinin burushi.

Daga nan na shiga yin katunan gaisuwa. Al'adar buga su don sayarwa a Landan ta fara a 1843, sa'ad da Henry Cole ya sa aka buga guda 1,000. Takarda mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita ake so, wadda ta gaza haka tana lanƙwashewa idan ta sha ruwa. Takardar A5 idan aka ninka ta biyu tana ba da kati mai santimita 10.5 da 14.8. A ninka kafin a zana, kada fenti ya hau kan ninkin domin zai tsage, a bar farin gefe na rabin santimita da tef. Fuskar akirilik biyu idan suka haɗu suna mannewa ko da sun bushe, saboda haka a sa takarda mai santsi tsakanin kowane kati. Katunan farko ga ma'aikatan jinyar da suka kula da ni na aika su, da sa hannu na hagu wanda ni kaina da ƙyar nake karanta shi.

Yau hannun dama yana iya danne takarda da riƙe tsumma, iyakarsa ke nan, kuma na daina jiran fiye da haka. Ina shan maganin hawan jini, ina auna shi a gida, ina zuwa ganin likita a kan lokaci. Ba na wuce minti 40 a zaune ba tare da na miƙe na motsa kafaɗa ba, domin hannun da ke aikin biyu shi ma yana iya ciwo. Akwai ranakun da damuwa ke dawowa, a irinsu ba na tilasta wa kaina zane, nakan wanke burushi ko in shafe alluna da ruwan toka don gobe. Kwanan nan na fara komawa fentin mai, irin wanda ake sirkawa da ruwa, don manyan zanen teku na santimita 40 da 50, saboda yana ba ni lokacin narkar da launin sama ba gaggawa. Ƙa'idarsa ta dā tana nan: shafin ƙasa siriri mara mai sosai, na sama ya fi shi mai, in an juya tsarin zanen ya tsage. Ba a kuma shafa masa banish, wato ruwan ƙyalli da ake rufe zane da shi don kariya, sai ya yi aƙalla wata shida, don haka zanen tekun da na gama a wannan hunturun sai wajen tsakiyar shekara zan rufe su.